Ba a Yanka Ni Ba

Agege, Legas
12 ga Fabrairu, 2000

Zuwa ga Malama Safinatu 'yar Kawu, mai jan kunnen 'ya'yan mutane a firamaren Maigatari,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Malam Ali da yara. Ki gaishe mini da Inna, ki durƙusa sosai a madadina, don na san gwiwarki ba ta son ƙasa. Mu nan jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Matata Lami tana gaishe ku.

Na san kin riga kin ci ɗamarar zagi saboda wata huɗu ba takardata. To ki kwance ta, taubashinki asibiti ya kwanta. Wata Talata cikin Oktoba ina tsaye a kwata ina fiɗar wani bijimi, sai na ji kamar an soka mini tsinken tsire a ƙahon zuci ya ɓulla ta baya. Wuƙar ma ban san inda na yar da ita ba. Abokan aiki suka sa ni a danfo, motar hayar nan ta Legas, sai asibiti. Kwana arba'in da ɗaya na yi a kwance, kusan rabinsu ko ruwa ba a bari in sha, sai ta jijiya. Ni fa, Isiyaku, da kike cewa in na zo gida kaji neman mafaka suke yi.

Likita ya zana mini abin a takarda. Wai tsakuwa ce ta fito daga matsarmama ta toshe hanya, sai wani ɗan nama da ke kwance bayan tumbi ya kumbura ya shiga cin kansa. Ina ganin zanen na gane shi. Wani farin nama ne mai laushi, manne da hanji. Shekara goma sha tara ina ciro shi daga cikin shanu ina jefawa cikin tarkacen kayan ciki, ban taɓa tambayar sunansa ba. Su fankiriyas suke ce masa. Ashe shi ke narkar da maiƙo a cikin mutum.

Bayan an sallame ni sai ruwa ya taru a wurin ya yi jaka, cikina ya fito kamar mai wata bakwai, loma uku sai amai. Na ce shi ke nan, ranar ramuwar shanu ta zo, farke ni za a yi. Amma aka tura ni wani asibiti a cikin gari inda wani likita ke da na'ura. Aka yi mini allura na yi luƙus, ya zura mini wani baƙin tiyo mai fitila a kai ta baki har tumbi, ya huda ta ciki, ya sa wata 'yar roba kamar bututun biro, ruwan ya tsiyaye ya bi hanji. Tsakuwar ma ta nan ya bi ya ciro ta. In kika ga cikina yanzu sumul, ko ƙwarzane babu. Ba a yanka ni ba.

Ke ce idon Inna, ke ke karanta mata. Ki ba ta abin da ya dace, sauran tsakaninmu ne, kada hankalinta ya tashi. Ki ce mata da Babbar Sallah ina tafe in Allah ya yarda. Badaru direba zai kawo miki wannan in ya zo ɗaukar shanu ran kasuwa.

Naki, ko kin ƙi ko kin so,
Isiyaku

Maigatari
24 ga Fabrairu, 2000

Zuwa ga bawana Isiyaku, ɗan mace,

Na amsa sallamarka. Muna lafiya lau. Gwaggona, baiwar Allahn da ta haifi acici irinka, ita ma lafiya, sai idon nan da ke ƙara dushewa da ciwon gwiwa. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Addu'ar nan haƙƙin zumunci ce, na sauke. Yanzu bari in faɗi tawa. Da na fara karanta takardarka gabana ya faɗi, amma ina kaiwa wurin "ba a yanka ni ba" na fashe da dariya har Malam ya leƙo. Mahauci guda, an nuna masa wuƙa ya roƙi a ba shi tiyo! A nan in an ce an yi wa mutum aiki, mukan je dubiya da kwanon kunu, a ɗaga riga a nuna mana ɗinki tun daga nan har can. Hadijatu maƙwabciyarmu da aka yi wa bara, wata uku ba ta ɗaga tulu ba. Kai kuwa an leƙa cikinka da tocila, an ga nama ya yi yawa, an ja baya. Shi wannan fankiriyas ɗin, unguwa ce a Legas ko sunan mutum?

Ban manta ba ka taɓa rubuto mini cewa maciji ya sare ka har ka bar wasiyya, ashe ƙaya ka taka. Saboda haka cikin kwana arba'in da ɗayan nan naka na cire arba'in, na bar maka ɗaya.

Gwaggo na ce mata ciwon ciki ka yi, likita ya duba da na'ura, ko yanka ba a yi ba, ka tashi. Ta ɗaga hannu ta gode wa Allah, ta ce dama tun kana yaro ba ka san ƙoshi ba. Tun da ta ji kana tafe ba ta zauna ba. Ta sa an yaɓe ɗakinka, ta hana kowa ko kallon zabin nan nata biyu. Ga ƙullin kuka da kwalbar man shanu ta ba Badaru. Ita ta soya shi da hannunta, da albasa, tana lalube, na ce in taya ta ta ce ban san yadda kake so ba. Ta ce ka kwarara a tuwo ka mayar da jikinka kafin ka zo, kada a ce Lami ba ta iya riƙo ba.

Rubutunka har yanzu kamar kaza ta bi ta kan toka. Ka gaida Lami da haƙuri da kai.

Uwargijiyarka,
Safinatu

Agege
9 ga Afrilu, 2000

Malama,

Gaisuwa da fatan an yi Sallah lafiya. Ki gaida Inna, ki ce ina neman gafara. Jiki da sauƙi.

Wallahi na taso. Na shiga doguwar bas, atamfar Inna tana cikin jaka, har da naki ɗankwalin mai arha. Sai dai yanzu ina da sabon oga, shi ne cikina, kuma ba ya son tafiya. Kafin mu kai Ibadan ya tsayar da motar mutane sau uku, a na huɗu aka ga ko ni ko su. Na sauka da jakata na juyo Agege. Haka na yi Sallah a gida, ana suyar rago ina zaune a ƙofa ina gaisawa da masu wucewa.

Ki ji dokokin oga. Ba ya son kitse, ba ya son suya, ba ya son man gyaɗa ko manja, ƙosai kuwa abokin gabarsa ne. Tuwo kaɗan da miyar da ba ta ga mai ba, dafaffen kifi, kunu, sau shida a rana kamar yaron da aka yaye. In na saɓa, sai ya hukunta ni da abin da ba zan rubuta wa malamar makaranta ba. Akwai ƙwayoyin da ake haɗiya tare da abinci su taya shi aiki, wani lokaci a samu a kemis, wani lokaci a yi wata guda babu. Likita ya ce aiki ya yi kyau, jakar ruwan ta bushe, har ya ɗaga hoton cikina yana nuna wa ɗalibansa. Na ce masa, Dokta, hoto dai ya warke, saura mai hoton.

Fiɗa na bari, hannuna ba ya iya riƙe ƙafar sa. Yanzu ina zaune a benci a bakin kwata ina haɗa masu shanu da masu saye. Na zama mai cin abinci da baki kawai, irin sana'arki.

Man shanu ya iso. Da Lami ta buɗe kwalbar, ƙamshin ya kai ni har madafin Inna, sai na tashi na fita waje. Na ce ta kai wa maƙwabta. Man shanu ba shi da wuri a gidana yanzu, kada Inna ta ƙara wahalar da kanta. Safinatu, ni ba Isiyakun da kuka sani ba ne.

Ki ce mata bayan damina.

Isiyaku

Maigatari
4 ga Mayu, 2000

Isiyaku,

Muna lafiya. Gwaggo tana amsawa.

Takardarka a ɗakinta ta same ni. Ta ji muryar Badaru ta ce in buɗe nan take, ban samu na duba ni kaɗai ba. Labarin oganka na tsallake, don ba zan zauna gaban tsohuwa ina karanta mata shirmenka ba. Da na juya shafi na ga sunan man shanu na ɗauka godiya ce, sai bakina ya riga idona. Na karanta mata duka, har da cewa kai ba Isiyakun da muka sani ba ne.

Ta saurara har ƙarshe. Can ta tambaye ni ko maƙwabtan naka sun san yadda ake sa shi a tuwo. Sannan ta ce in tafi, yara na jirana.

Ran jajiberin Sallah tun azahar take zaune a zaure, duk motar da ta ji ta tsaya a bakin titi sai ta ce a duba. Zabin nan an yanka su, an soya, an rufe, sai da suka kwana uku ta yarda aka ci.

Wasa tsakanina da kai gado ne. Ubana da uwarka wa da ƙanwa ne, haka muka tashi muka tarar, kuma duk abin da ka jefo ina iya cafewa. Amma akwai inda wasa ke tsayawa. Na tambayi Badaru, ya ce ya gan ka cikin babbar riga a kan benci, mutane na ce maka oga, ka ɗan rame amma bakinka na nan. To mun gane. An daina taɓa jini, an koma cin kifi da cokali, man ƙauye ya fara wari. Mutumin da ko yanka shi ba a yi ba, ya ce cikinsa ya hana shi zuwa ganin uwarsa. Wannan uzurin ko 'yan aji ukuna ba za su kawo mini shi ba.

Na ce mata da ni kake wasa, ba da ita kake ba. Ta ce ta sani. Ban ga alamar ta yarda ba.

Safinatu

Agege
14 ga Janairu, 2001

Malama Safinatu,

Barka da shan ruwa, ko da ya wuce. Ki gaida Inna. Jiki da sauƙi. Rikicin da aka yi a nan cikin Oktoba bai taɓa mu ba, mun dai yi kwanaki a ƙulle a gida, motocin shanu suka ɗauke ƙafa. Amma ba zan ɗora wa rikici duk shirun nan ba. Takardarki ta yi mini zafi, na ajiye biro.

Na so in mayar miki da baƙar magana, na ga in na fara ba za ki iya da ni ba. Ga sabon labari a maimako: oga ya yi aure, ya auro ciwon suga. Likita ya ce ɗan naman nan shi ke kula da suga ma, kuma abin da ya ƙone ya ƙone. Yanzu ni ke yi wa kaina allura safe da yamma, mahauci ya koma sukar kansa. Azumi bana an ba ni hutu. Ɓuya nake a ɗaki in ci tuwo da rana kamar ɓarawo, Lami tana gadin ƙofa. Ki ƙara wannan cikin laifuffukana.

Ga atamfar Inna da ta je yawo hanyar Ibadan ta dawo. Ɗankwalinki na riƙe sai kin gyara halinki. Ki ce mata ina nan tafe in hanya ta yi kyau.

Isiyaku

Maigatari
13 ga Satumba, 2001

Isiyaku,

Gaisuwa. Mu lafiya, amma Gwaggo ba lafiya.

Ban amsa takardarka ta Janairu ba don fushi nake. Atamfa ta karɓa ta sa ƙarƙashin filo, ta hana a kai wa tela. Yau kwana tara ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya, ko tsakar gida ba ta fita. An kai ta Gumel, likita ya ce zuciya ce, ya ba da magani aka dawo da ita. Ta daina tambaya ko ka rubuto, kuma ni wannan ya fi ba ni tsoro.

Ka taho. Ka bar ogan naka a Legas ya yi gadin bencinka, ka taho.

Safinatu

Agege
17 ga Satumba, 2001

Malama,

Jiki da sauƙi. Allah ya ba Inna lafiya.

Wannan tarkon na taɓa faɗa masa. Shekara biyar da ta wuce kin rubuto Inna na kwance rai a hannun Allah, na kwana biyu a bayan tirela ina hawaye, na iso na tarar da ita tana surfe, ke kina gefe kina ƙyalƙyala dariya. Ashe sunan ɗanki ne kike neman mai fiɗar rago kyauta. Wa kika haifa kuma? Na tambayi Badaru, ya ce shi bai shiga gidan ba, a kasuwa aka miƙa masa takardar. In da gaske ne ki sa Malam Ali ya sa hannu, shi ba ya wasa da ni.

Ga man shafawa na ƙafa, an ce yana da kyau.

Isiyaku

Maigatari
20 ga Satumba, 2001

Isiyaku ɗan Gwaggo Mariamu,

Wallahi tallahi ba wasa nake ba. Alƙur'ani yana gabana nake wannan rubutu. Abin da na yi maka shekara biyar da ta wuce, yau na ga sakamakonsa. Gwaggo ba ta iya kwanciya, a zaune take barci. Jiya da hantsi Malam ya yi sallama ta kira sunanka, ta zaci kai ne. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da muke, yau ina roƙonka.

Safinatu

Abin da ta rubuta gaskiya ne. Ka yi ƙoƙari. Ali

Legas
24 ga Satumba, 2001

Safinatu,

Ba zan ce jiki da sauƙi ba. Kusan shekara biyu ina rubuta miki haka don da shi ake buɗe takarda. Ba sauƙi.

Daga gadon asibiti nake rubutu. Da Badaru ya ba ni takardarki ran Asabar na yanke shawarar bin sa a bayan tirela, in daina cin abinci tun daga ranar don kada cikina ya kunyata ni a hanya. Allurar suga kuma na ci gaba da yi, ban yi tunani ba. Jiya da hantsi na faɗi a bakin kwata, sai a nan na farka. Likita ya yi faɗa sosai, ya ce ciwon ma ya motsa, ba zai sake ni ba sai bayan kwana goma.

Bari in gaya miki abin da ya faru a hanyar Ibadan yadda ya faru. A karo na huɗu ban samu sauka ba. A kan kujera abin ya zo mini, cikin farar shaddata ta Sallah, gefena wata dattijuwa, bayana 'yan mata. Ba irin wanda kika sani ba ne. Maiƙo ne ke fita, ba ya jira, warinsa kuma ba ya ɓuya. Aka bubbuɗe tagogi. Ba wanda ya zage ni, dattijuwar ma zaninta ta ciro daga jaka ta miƙo mini. Na tsaya a bakin titi ɗaure da zanin mace, ina da shekara arba'in da biyu. Tun ranar ban ƙara shiga motar da za ta wuce awa guda a hanya ba, sai ta asibiti, ita ma da yunwa nake shigarta. Ko sallar Juma'a a sahun baya nake tsayawa, kusa da ƙofa.

A da kilo tamanin da takwas nake, yanzu hamsin da uku. Babbar rigar da Badaru ya gani, riguna biyu ne a ƙarƙashinta, kuma ni na roƙe shi don girman Allah kada ya faɗa. Na ji tsoron Inna ta shafa fuskata ta ji ƙashi. Na ji tsoron ta ajiye mini tuwo da man shanu in ce ba na ci, a gabanta. Sai na ce bari in ɗan ƙara jiki tukuna, wata ya bi wata, jiki bai ƙaru ba.

Na gode wa likitan nan mai tiyo, ya ceci raina, ban da Allah ya kawo shi da tuni an manta da ni. Amma sau da yawa nakan ce da ma farke ni aka yi, in samu ɗinki tun daga ƙirji har mara, in ɗaga riga kowa ya gani ya yi shiru. Ni ba ni da abin nunawa sai baki, bakin kuma da wasa kika san shi.

Ban ga laifinki ba. Duk abin da na rubuta gaskiya ne, amma na naɗe shi cikin wasa don ke ce. Ban san yadda ake yi miki magana ta wata hanya ba, kuma kunya ta fi ƙarfina. Ni ma ga shi sai da kika rantse kafin na yarda da ke, na ɓata mako guda a banza. Wannan makon yana ci mini rai.

Ki karanta wa Inna takardar nan duka, kada ki tsallake ko layi ɗaya. Ina so ta san ba ƙin ta na yi ba, kasawa na yi. Ki ce ta jira ni kwana goma.

Ɗan'uwanki,
Isiyaku

Maigatari
4 ga Oktoba, 2001

Ɗan'uwana Isiyaku,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Gwaggo rasuwa ran Asabar bayan la'asar, aka kai ta kafin magariba. Na san saƙon baki ya riga takardar nan isa, amma akwai abin da ba zan ba wani ya faɗa maka ba. Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri, ya ba ka lafiya. Wannan ta ƙarshen sai yanzu na fara roƙa maka ita da gaske.

Takardarka ta zo ran Alhamis. Wannan karon a zaure na tsaya na karanta ni kaɗai. Na koma gida na ɗauko tsofaffin takardunka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Komai yana ciki, Isiyaku. Ka faɗa mini hannunka ba ya iya aiki, ka faɗa mini kana yi wa kanka allura, ni malama guda ina karantawa ina neman inda zan rama. Ni na rage mata ciwonka har ya zama ba komai, sannan na tsaya ina taya ta mamakin yadda ka ƙi zuwa. Ka yafe mini wannan.

Na shiga wurinta da takardar a hannu, da niyyar in karanta duka yadda ka ce. Tana zaune an tokare ta da filo, numfashi sama-sama. Ta ji motsin takarda ta ce, "Ta Isiyaku ce?" Na ce ita ce. Na buɗe baki ke nan ta lalubo hannuna ta riƙe.

Ta ce, "Tsaya, faɗa mini abu ɗaya tukuna. Lafiyarsa ƙalau? Kwana biyun nan zuciyata na raya mini ko yaron nan ciwo ne ya riƙe shi kuke ɓoye mini."

Na dubi fuskarta, na dubi layinka na farko.

Na ce, "Ƙalau yake, Gwaggo. Aiki ne ya yi masa yawa."

Ta saki hannuna ta jingina, na ga kafaɗunta sun sauka. Ta ce, "Alhamdu lillahi. To ƙin zuwa ya yi. Gara haka. In ƙi ya yi, wannan tsakanina da shi ne, kuma na yafe tun tuni. Ciwo ne ba ni da yadda zan yi da shi." Sannan ta ce in bar karatun, ta gaji, sai gobe. Goben ba ta tambaya ba, ni kuma ban tuna mata ba. A ranar ta sha kunu rabin kofi, abin da ta kwana huɗu ba ta yi ba.

Abu ɗaya ka roƙe ni, ta san ba ƙin ta ka yi ba, na hana ka shi. Ta tafi tana ganin kana da lafiya ka ƙi zuwa, kuma saboda haka ta tafi hankalinta a kwance. Yau mako guda ke nan ina juya abin. Wani lokaci in ga na kyauta mata, wani lokaci in ga na yi maka zaluncin da ba ya gyaruwa. Ban sani ba. Wannan ba zan ce ka yafe ba, sai in ka ga dama.

Kada ka taso. Ka bi maganar likita, ka ci abincinka, ka yi allurarka a kan lokaci. Ba sauran abin gaggawa a nan.

'Yar'uwarka,
Safinatu